Manhajar Makarantunmu: Inda Aka Nufa Da Inda Aka Kwana

Jawabi ga iyayen yara da malaman makaranta a garin Mubi, Jihar Adamawa

  Abin da ya tara mu yau shi ne maganar manhajar makarantun ƙasar nan, watau abin da ake koya wa 'ya'yanmu tun daga ajin farko na firamare har su gama sakandare, da kuma gyaran da Gwamnatin Tarayya ta yi mata cikin shekarar 2025.

Ni aikina fassara ne da watsa labarai, saboda haka bari in fara da kalmar kanta. Manhaja kalma ce da muka aro daga Larabci, asalin ma'anarta kuwa hanya wadda take a fili. A wajen ma'aikatan ilmi, manhaja ta ƙunshi darussan da za a koyar, da gwargwadon abin da za a koyar a kowane aji, da yadda za a koyar da shi, da kuma yadda za a gane ko yaro ya koya. Duk wanda ya share hanya lalle ya san inda yake so ta kai matafiyi. Haka nan kuma kafin a jera darussa sai an amsa wata tambaya mai nauyi: wane irin mutum muke so yaron nan ya zama in ya fito daga makaranta?

Nijeriya ta amsa wannan tambaya tun cikin 1969, kuma amsar ba ta sake ba har yau. Abin da ya yi ta faruwa shi ne, akan rubuta manhaja mai kyau, sa'an nan ta tsaya a takarda, saboda malami da kayan aiki da goyon bayan iyaye ba su haɗu wuri ɗaya ba. Zan ba ku labarin yadda aka yi, domin ku ga cewa nasarar wannan sabon gyara, rabinta a hannunku take.

Karatun Da Muka Gada

Ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo da zaurukan malamai inda ake karatun Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu, kuma Modibbo Adama, wanda wannan jiha ta ci sunansa, malami ne kafin ya zama mai tuta. Ban da wannan, kowace kabila a gindin duwatsun Mandara tana da hanyarta ta horon yara. Maƙeri yakan koya wa ɗansa ƙira, manomi ya nuna wa nasa yadda ake jera duwatsu a gefen tudu don ƙasa ta riƙe ruwa, makiyayi kuwa ya koya wa nasa sanin ciyawa da cutar dabba. Ba a rubuta wannan manhaja ba, amma kowa ya san nufinta, watau yaro ya tashi ya iya riƙe kansa, ya kuma san girman na gaba da shi.

Karatun boko ya shigo ta bakin teku, sa'ad da 'yan mishan suka sauka Badagari cikin 1842. A Arewa kuwa, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano cikin 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina cikin 1922. Ba za mu raina waɗannan makarantu ba, gama daga Kwalejin Katsina Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello suka fito. Amma babban abin da gwamnatin mulkin mallaka take bukata shi ne akawu da tafinta da malamin En'e da malamin makaranta, saboda haka ta wannan fuska aka karkata karatun. Yaro yakan haddace sunayen sarakunan Ingila da kogunanta, alhali kuwa bai san daga inda kogin Yedzaram ya taso ba, balle inda ya nufa. Daga nan ne kuma wata mummunar aƙida ta shiga zukatan mutane, cewa wai ɗan boko ba ya riƙe fartanya, wanda ya riƙe alƙalami ya fi ƙarfin guduma. Har yanzu muna fama da ragowar wannan aƙida.

Taron Ikko Na 1969

Bayan samun mulkin kai mutane suka fara ƙorafi, suna cewa karatun nan bai dace da ƙasa mai 'yancin kanta ba. Saboda haka daga ran 8 zuwa ran 12 ga Satumba 1969, yaƙin basasa bai ma ƙare ba, Majalisar Binciken Ilmi ta Nijeriya ta kira babban taro a Ikko, watau Legas, domin a duba manhaja tun daga tushe. Marigayi Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan wannan aiki. Abin lura game da taron shi ne ba a bar shi ga masana kaɗai ba. An gayyato ma'aikatan gwamnati da shugabannin addini da 'yan kasuwa da manoma da ƙungiyoyin mata da na matasa, domin kowa yana da ɗa a makaranta, kowa kuma yana da ta cewa.

Cikin 1973 aka sake wani zama a ƙarƙashin shugabancin Cif S. O. Adebo, aka tace shawarwarin taron, har cikin 1977 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa. An yi mata gyara sau da dama, kamar na 1981 da 1998 da 2004 da 2013, amma ginshiƙanta suna nan. An ɗora ta a kan buri guda biyar na ƙasa: a sami al'umma mai 'yanci wadda jama'a ke zaɓen shugabanninta, a sami adalci da daidaito tsakanin mutane, ƙasa ta zama haɗaɗɗiya mai ƙarfi wadda ta dogara da kanta, tattalin arziki ya bunƙasa, kowane ɗan ƙasa kuma ya sami hanyar ci gaba a buɗe gabansa. Daga wannan buri aka fitar da aikin makaranta, watau ta cusa wa yaro kishin ƙasa da son haɗin kai, ta gyara halinsa, ta wasa hankalinsa ya fahimci duniyar da yake ciki, ta kuma ba shi ƙwarewar da zai ci abinci da ita ya amfani jama'arsa.

Ba mu kaɗai muka yi irin wannan tunani ba. Cikin 1967 Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya fito da tasa manufa ta ilmi don dogaro da kai. Ƙasashen Afirka da yawa sun gane a lokaci guda cewa sun karɓi tuta, amma makarantunsu suna nan suna duban Turai.

Daga Takarda Zuwa Aji

Cikin Satumban 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi shiri domin yara kimanin miliyan 2.3 masu shiga ajin farko, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Dattawan da ke cikin wannan taro za su tuna da azuzuwan gindin bishiya, da malaman da aka horar cikin gaggawa. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin a cike giɓin. Shirin ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofar da dā take a rufe, amma ya nuna mana cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga 1982 aka fara tsarin nan da ake kira 6-3-3-4, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Wasu jihohi suka fara a wannan shekara, sauran suka biyo baya. Zuciyar tsarin ita ce ƙaramar sakandare. A nan ne aka so kowane yaro ya taɓa aikin katako da na ƙarfe da na lantarki da noma da kasuwanci da tattalin gida, a riƙa auna shi a kai a kai, domin bayan shekara uku a gane inda baiwarsa take. Mai kan karatu ya wuce babbar sakandare, mai basirar hannu ya shiga kwalejin koyon sana'a, kowa da darajarsa.

Ni kaina ina cikin 'yan ƙaramar sakandare na wancan zamani. A makarantar da na yi, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, an kawo mana injunan aikin katako da na ƙarfe cikin manyan akwatuna, aka jibge su a bayan ɗakin ajiya. Babu wutar lantarki, babu ɗakin da za a kafa su, malamin da aka ba darasin kuwa bai taɓa ganin irinsu ba. Shekara uku muna zana hoton zarto da guduma a littafi, muka ci jarrabawa da maki mai kyau, amma har muka fita babu ɗayanmu da ya yanka katako ko da taƙi ɗaya. Gara ta cinye akwatunan, tsatsa ta ci injunan. Abin da ya faru a makarantarmu ya faru a wurare da yawa, musamman da kuɗin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu. Manhajar ba ta da laifi. An dai sayo kaya kafin a tanadi wurin sa su da mutumin da zai yi aiki da su.

Gyare-Gyaren Da Suka Biyo Baya

Cikin 1988 aka haɗa hukumomi huɗu aka kafa Majalisar Bincike da Raya Ilmi ta Nijeriya, mai mazauni a Sheda kusa da Abuja, aka danƙa mata aikin tsara manhaja. Cikin 1989 aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, domin a kai makaranta inda ɗan Fulani yake, maimakon a jira shi ya bar garke. Waɗannan ayyuka sun taso ne a zamanin da ɗan wannan jiha, marigayi Farfesa Jibril Aminu mutumin Song, yake riƙe da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya.

Ran 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato, cikin 2004 kuma aka yi masa doka. Dokar ta ce shekara tara na farko, watau firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma wajibi ne a kan kowane uba ko mai riƙon yaro ya sa ɗansa. Cikin 2008 aka fara aiki da manhajar shekara tara. Ba a daɗe ba malamai da iyaye suka koka da yawan darussa, har wasu yara sukan ɗauki darasi kusan ashirin, jakar littattafai ta fi ƙarfin kafaɗarsu. Aka sake dubawa aka harhaɗa wasu darussa, aka fara aiki da gyararriyar cikin 2014. A cikin wannan kai da kawowa ne darasin Tarihi ya ɓace daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka narkar da shi cikin darasin zaman jama'a, sai a zamanin Minista Malam Adamu Adamu aka fara mai do shi.

Gyaran Shekarar 2025

Gab da buɗe makarantu cikin Satumban 2025, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, a ƙarƙashin Minista Dokta Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta ba da sanarwar sabuwar manhaja. Abu na farko da aka yi shi ne rage kaya. An ƙayyade wa 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare darasi 9 zuwa 10, 'yan ƙaramar sakandare 12 zuwa 14, 'yan babbar sakandare kuwa 8 zuwa 9. Hikimar ita ce gara yaro ya san abu kaɗan ya san shi sosai, da ya lasa ko'ina bai ƙoshi ba. An tsara a fara da ajin farko na kowane mataki, sa'an nan a riƙa hawa da yaran shekara shekara.

Abu na biyu, an mai da Tarihin Nijeriya darasi na dole tun daga ajin farko na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma an haɗa shi da ilmin zama ɗan ƙasa. Abu na uku, an ƙarfafa koyon kwamfuta da fasahar zamani. Abu na huɗu, an tattara darussan sana'a, waɗanda dā suka haura talatin a babbar sakandare, aka mai da su shida: haɗa na'urar lantarki mai aiki da hasken rana da gyaranta, ɗinki da tsara tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar hannu, da kuma aikin lambu da noman amfanin gona. Game da addini, ina so hankalin iyaye ya kwanta. Ɗan Musulmi darasin addinin Musulunci zai yi, ɗan Kirista kuma na addinin Kirista, ba a cuɗanya su ba.

Tarihi Da Ɗan Mubi

In akwai garin da ya kamata ya yi murna da dawowar darasin Tarihi, to, Mubi ce. Jamusawa sun kama garin nan cikin 1903 suka mai da shi sansaninsu na kan iyaka a ƙasar Kamaru. Ingilishi suka ƙwace shi cikin 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cikin 1922 aka ba Ingila riƙon wannan yanki, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya zama ƙasar amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ran 1 ga Oktoba 1960, Mubi ba ta cikin Nijeriya.

An yi ƙuri'ar raba gardama sau biyu. A ta Nuwamban 1959 mafi yawan mutane suka ce a dakata tukuna. A ta Fabrairun 1961, mutum 146,296 a Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi Nijeriya, mutum 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Mata ma sun jefa ƙuri'a a wannan karo, shekaru da dama kafin sauran matan Arewa su sami wannan dama. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, Mubi kuwa ita ce hedkwatarsa. Daga nan aka shiga Jihar Arewa Maso Gabas cikin 1967, Gongola cikin 1976, Adamawa cikin 1991.

Yawancin 'yan Nijeriya tashi suka yi suka ga kansu a ciki, amma kakanninku layi suka bi suka zaɓe ta da hannunsu. Yaron da aka koya wa wannan, da wuya wani ya ruɗe shi ya ce ba shi da rabo a ƙasar nan. Littafin da aka rubuta domin ƙasa duka ba zai ƙunshi labarin kowane gari ba, saboda haka ina roƙon malaman Tarihi su gayyato tsofaffin da suka ga wannan ƙuri'a da idonsu su yi wa yara bayani tun suna raye. Ba su da yawa yanzu.

Sana'a Da Kasuwar Mubi

Ku dubi sana'o'in nan shida da kyau, za ku ga kamar da Mubi aka auna su. Kasuwar shanun garin nan tana cikin manya a Arewa Maso Gabas, ana kawo dabbobi daga Kamaru da Cadi, manyan motoci suna ɗiba zuwa Kudu. Yaron da ya koyi kiwon zamani, ya san rigakafi da haɗa abincin dabba da lissafin riba, ba zai rasa abin yi a nan ba. Fadamun bakin Yedzaram suna jiran masu aikin lambu. Inda wutar lantarki ba ta wadata ba, mai haɗa na'urar hasken rana shi ake nema gida gida. Kusancinmu da iyaka kuma ya sa Faransanci, wanda ake koyarwa a makarantunmu, harshen ciniki ne a gare ku. Wanda ya so ya zurfafa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola cikin 1979 aka dawo da ita Mubi cikin 1982, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a nan cikin 2002.

Amma kada mu manta da akwatunan nan da gara ta ci. In aka koyar da gyaran waya a kan allo kawai, to, mun koma gidan jiya. A ƙasar Jamus mai koyon sana'a yakan raba makonsa biyu, wasu kwanaki a aji, wasu a wurin aiki gaban gwani. Mu ma muna da irin wannan tun dā, gama haka tela da makanike suke yaye yaransu. Babu abin da zai hana shugaban makaranta da iyayen yara su yi shawara da ƙungiyoyin teloli da masu gyaran waya da masu lambu, a riƙa kai yara su ga aiki su sa hannu, bisa tsari da kulawar malami. Makarantar da ba ta da kuɗin sayen inji tana da maƙwabta masu inji.

Maganar Harshe

Akwai wata magana da na san tana ranku, ita ce harshen da za a koyar da yara da shi. Manufar 1977 ta ce a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a wurin, sa'an nan a koma Turanci. Gwajin da Farfesa Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ya nuna cewa yaran sun fahimci karatu sosai, Turancinsu kuma bai gaza na sauran ba. Cikin Nuwamban 2022 gwamnati ta amince a yi shekara shida na firamare da harshen gida. Cikin Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar janye wannan, aka mai da Turanci harshen koyarwa, bisa dalilin cewa sakamakon jarrabawa bai yi kyau ba. Masana suna ta muhawara a kan wannan mataki, kowane ɓangare da hujjarsa.

Ku mutanen Mubi kun san wuyar abin fiye da kowa, domin a aji guda akan sami ɗan Fali da Gude da Fulani da Margi da Kamwe da Bahaushe, littattafan karatu cikin yawancin waɗannan harsuna kuwa ba su wadata ba. Abin da zan ce shi ne, harsunan Nijeriya suna nan cikin manhaja a matsayin darasi, kuma babu dokar da ta shiga tsakanin uwa da ɗanta a cikin gida. Ku yi wa 'ya'yanku magana da harshenku, ku ba su tatsuniya da karin magana. Malami kuma ya tuna cewa abin da ake nema shi ne yaro ya gane, ba ya maimaita abin da bai fahimta ba.

Malami Da Yaron Da Ba Ya Aji

Manhaja ba ta koyar da kanta. Duk abin da aka rubuta a Sheda, sai ya bi ta bakin malami kafin ya isa kunnen yaro. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aji da ita ita ce takardar kwalejin horon malamai mai zurfi, irin wadda ake bayarwa a kwalejojin ilmi na Yola da Hong, kuma tun 1993 akwai hukumar yi wa malamai rajista. Sabuwar manhaja tana bukatar a sake horar da malaman da ke bakin aiki, a ba su jagorar koyarwa, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin bai-ɗaya, amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Haƙƙinku ne ku tambayi wakilanku inda aka kwana a kan wannan kuɗi.

Sa'an nan akwai yaron da manhaja ba za ta same shi ba sam, domin ba ya aji. Cikin 2022 Hukumar Ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya. Ba sai na tuna muku abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2014 ba, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan, aka rufe makarantu, jama'a suka bazu cikin duwatsu da ƙetaren iyaka, kafin a ƙwato shi cikin Nuwamba. Kun dawo kun share azuzuwa kun mai da 'ya'yanku. Masu ƙin karatu sun san abin da suke tsoro, ku kuma kun nuna kun san abin da kuke karewa. Kada talla ko auren wuri ko aikin gona su yi mana ɓarnar da bindiga ta kasa yi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta rubuta manhaja, nauyin horar da malamai da samar da kayan aiki kuma yana wuyanta, ba za ta sauke shi a kan kowa ba. Amma ga abin da nake roƙonku. Na farko, kowane uba ya sa 'ya'yansa makaranta, mata da maza, ya kuma bar su su gama shekara taran nan. Na biyu, ku shiga ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, ku je ku tambayi shugaban makaranta ko sabuwar manhaja ta iso, wace sana'a aka zaɓa, wa zai koyar da ita, da wane kayan aiki. Na uku, in yaro ya dawo gida, ku tambaye shi abin da ya iya yi yau, ya karanta muku wasiƙa, ya yi muku lissafin cinikin rumfa. Na huɗu, mu daina raina mai aikin hannu a gaban 'ya'yanmu, gama yaro ba zai so sana'ar da ya ji ubansa yana kushewa ba. Na biyar, iyayenmu sarakuna da malaman addini su ci gaba da jan hankalin jama'a a fada da masallaci da coci, domin maganarsu ta fi tamu isa.

Waɗanda suka zauna a Ikko cikin 1969 yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, abin da suka nufa kuwa bai gama cika ba. Yaran da suka shiga ajin farko cikin 2025 za su gama ƙaramar sakandare cikin 2034. A lokacin ne za a gane ko mun yi aiki, in aka ga yaro ya iya karatu da rubutu da lissafi, ya san tarihin garinsu da ƙasarsa, yana kuma da abin yi a hannunsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah ya raya mana zuriyarmu, ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya zaunar da Mubi da Jihar Adamawa da Nijeriya baki ɗaya lafiya.